Horo, Bashi da Alkawari: Me Shirye-shiryen Matasa Suka Bari a Hannun 'Ya'yanmu a New Bell?

Duk ranar 10 ga Fabrairu da dare shugaban ƙasar Kamaru kan yi wa matasa jawabi, washegari kuma a yi bikin ranar matasa, 'yan makaranta su fito maci cikin kayansu masu kyau. A irin wannan jawabi ne a 2011 aka sanar za a ɗauki matasa 25,000 masu takardun ilimi aikin gwamnati. A irinsa ne kuma a 2016 Shugaba Paul Biya ya sanar da wani shiri na musamman na shekara uku domin matasa, wanda aka ce an ware masa sefa biliyan 102. Mu da muke New Bell a nan Duwala, a rediyon shago ko a waya muke jin waɗannan lambobi, kuma tambayar da kan biyo baya a majalisa guda ce: "To, wa kuka sani da ya samu?"

Wasu kan ɗauki wannan tambaya a matsayin ƙorafi ko raini. Ni kuwa a ganina tambayar ɗan kasuwa ce, kuma ta dace. Mutumin da ya saba zuba kuɗi a kaya, ba ya cewa ya ci riba don kawai kaya sun iso kuma an sauke. Sai an sayar, an cire uwa, an cire kuɗin mota da na 'yan dako, sannan a san abin da ya rage. Da wannan ma'auni nake so mu duba shirye-shiryen samar wa matasa aiki, domin iyaye da yawa a cikinmu suna fuskantar shawara ta gaske: a bar yaro ya ci gaba da zama a shago ko a kan babur, ko kuwa a sake shi ya bi sahun masu neman horo da bashin gwamnati?

Unguwar da ba ta taɓa jiran albashi ba

Asalin New Bell kansa labarin tashi da sauka ne. Jamusawa ne suka tsara kwashe 'yan ƙabilar Duwala daga bakin kogin Wuri su mayar da su baya, nesa da unguwar Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa, aka rataye shi a watan Agustan 1914. Daga baya wurin ya zama masaukin baƙi: Hausawa, Bamileke, Basa, Ewondo da sauransu, kowa da ɓangarensa. Kakanninmu sun iso da goro, da shanu, da fata, da ɗinki, suka kafa masallaci suka kafa zango. Har yau idan ka zaga unguwar Hausawa da Makea da Congo, ko ka shiga babbar kasuwa da Nkoulouloun da Mboppi, sana'o'in nan ne za ka tarar sun sake riga: masu yadi da shadda, teloli da masu aikin surfani, mahauta da masu tsire, masu albasar da ake saukowa da ita daga Marwa da Garwa, masu gyaran waya, da rundunar 'yan bensikin.

Na kawo wannan ne domin a fahimci abin da "rashin aikin yi" yake nufi a wajenmu. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi a 2010 ya nuna kusan mutum tara cikin goma masu aiki a Kamaru, aikin da ba na ofis ko kamfani mai rajista ba suke yi. A binciken nan, waɗanda aka lissafa a matsayin marasa aiki ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, amma waɗanda aikinsu bai ishe su ba, ko dai don ƙarancin sa'o'i ko don ƙarancin abin da suke samu, sun kai kusan kashi 70. Dalili kuwa shi ne a ƙa'idar masu lissafi, wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako ya samu wani abu, mai aiki ne. Yaron da ke yawo da gilasan ido goma a hannu daga Akwa zuwa Ndokoti, a takarda yana da aiki.

Saboda haka matsalar yaranmu ba zaman banza ba ce. Da wuya ka ga saurayi a New Bell da bai fita da safe ba. Matsalar ita ce shekara biyar yana fita, amma jarinsa bai motsa ba, bai iya kama ɗaki ba, maganar aure kuwa sai dai a yi shiru. Duk shirin da zai ce ya taimaka masa, a nan ya kamata a ga alamarsa.

Sunayen da muke ji

Shirye-shiryen suna da yawa, kuma sunayensu duk gajerun haruffan Faransanci ne, har mutum kan rikice. Ga manyansu a taƙaice.

Mafi daɗewa shi ne asusun samar da aiki na ƙasa, FNE, wanda aka kafa a 1990 lokacin da tattalin arziki ya karye, kamfanonin gwamnati suka shiga sallamar ma'aikata. Aikinsa haɗa mai neman aiki da mai ɗauka, da ba da horo, da tallafa wa masu son dogaro da kansu. Shekarun nan ne kuma suka haifi bensikin: yajin aikin gama-gari na 1991 ya tsayar da motocin haya, faɗuwar darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ta ƙarasa abin da ya rage na albashi, babur ya zama mafakar dubban samari. Ba wani ofishi da ya tsara wannan sana'a, amma a yau da wuya a sami shirin da ya ɗauki matasan Duwala kamar yadda ta ɗauka.

A shekarun 2000 aka fito da PIAASI domin masu ƙananan sana'o'i, sannan a 2007 aka ƙaddamar da PAJER-U domin matasan karkara da na birni 'yan shekara 15 zuwa 35, inda ake ba da horo da bashin kafa sana'a. A watan Fabrairun 2008 yajin aikin direbobi kan tsadar mai ya rikiɗe ya zama tarzoma, kuma daga Duwala ta faro. Gwamnati ta ce mutum 40 suka rasu, ƙungiyoyin kare haƙƙi suka ce adadin ya haura 100. Wanda ya ga kwanakin nan ya san dalilin da ya sa maganar matasa ta ƙara nauyi tun daga lokacin. Bayan haka ne aka yi ɗaukar 25,000 a 2011, sai kuma shirin shekara uku na 2016, wanda ya mai da hankali kan noma, masana'antu, harkar intanet da ƙirƙira. Ma'aikatar matasa ce ke riƙe da shi, kuma ƙofar shiga ita ce cibiyoyin matasa da ake kira CMPJ, inda yaro zai yi rajista.

A raba kuɗin a gani

Lamba mai sifili da yawa tana da kwarjini, sai an raba ta take komawa girmanta na gaskiya. Shirin 2016 an ce yana nufin kai wa ga matasa miliyan ɗaya da rabi cikin shekara uku. Raba biliyan 102 gida miliyan ɗaya da rabi, kowa zai tashi da sefa 68,000. Mafi ƙarancin albashi a kamfanoni masu zaman kansu, in ban da na gona, tun 2023 sefa 60,000 ne a wata. Ke nan ko da an raba kuɗin kaf ba a taɓa ko dala ba wajen ofisoshi da motoci da masu koyarwa, abin da zai isa hannun kowa bai fi albashin wata guda da 'yan kwanaki ba. Ba laifin kowa ba ne, haka lissafin yake. Ma'anarsa ita ce 'yan kaɗan ne za su sami jari mai kauri, sauran kuwa rajista da zaman bita ne rabonsu. Haka ma ɗaukar 2011: takardun neman da aka miƙa sun haura 300,000, wato kusan mutum goma sha biyu a kan kujera ɗaya.

Abu na biyu da ya kamata mu lura da shi shi ne kalmar da ake amfani da ita a rahoto. Akwai wanda aka yi wa rajista, akwai wanda aka horar, akwai wanda aka amince da takardunsa, akwai wanda kuɗi ko kayan aiki suka shiga hannunsa, sannan akwai wanda bayan shekara biyu sana'ar tana nan yana ci daga gare ta. Duk waɗannan akan iya kiran su "waɗanda suka amfana". Matakala ce mai hawa biyar, kuma kowane hawa mutane na raguwa. Mu hawa na ƙarshe ne ya dame mu, shi ne kuma wanda ya fi wuyar ji a bakin masu jawabi, a ƙasashe da yawa ba Kamaru kaɗai ba.

Abu na uku ya fi su zurfi. A ce ka yi wa shagonka sabon fenti a watan azumi, ciniki ya ninka. Fentin ne ya jawo, ko sallah ce ta ƙarato? Ba za ka sani ba sai ka leƙa shagon maƙwabcinka da bai yi fenti ba. In shi ma cinikinsa ya ninka, to ka san kuɗin fenti dai ka kashe. Haka yake ga yaron da ya shiga shiri ya fito ya yi nasara. Wataƙila dama mai ƙoƙari ne, ko ba shirin zai kai inda ya kai. Hanyar sani ita ce a gwada shi da sa'ansa wanda suka yi daidai a ƙwazo da hali amma bai samu shiga ba.

Abin da aka gano da aka gwada

Masu bincike sun yi irin wannan gwaji a ƙasashe da dama. Sukan ɗauki masu nema da suka cancanta, a yi ƙuri'a, wasu su samu wasu su rasa, sannan a bi sawun ɓangarorin biyu shekara da shekaru. Sakamakon yana da darasi a gare mu.

A arewacin Uganda a 2008 gwamnati ta ba ƙungiyoyin matasa kuɗi kyauta, kusan dala 400 ga kowane mutum, su koyi sana'a su sayi kayan aiki. Bayan shekara huɗu, abin da suke samu ya fi na waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa musu ba da kashi 38 cikin 100. Amma da aka koma bayan shekara tara, sai aka tarar waɗancan sun kamo su. Su ma sun yi ta ƙwadago suna tarawa har suka kafu. Jarin ya rage wa masu shi shekarun wahala, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, sai dai bai mai da su wasu mutane daban ba.

A Najeriya, gasar YouWiN da aka fara a 2011 zamanin Shugaba Goodluck Jonathan ta karɓi takardu kusan 24,000, aka zaɓi mutum 1,200, aka ba kowannensu jari mai yawa, kusan dala 50,000 a matsakaici. Wani ɓangare na waɗanda suka ci da ƙuri'a aka fitar da su, kuma binciken Bankin Duniya ya nuna bayan shekara uku kasuwancinsu ya fi na takwarorinsu ɗorewa, sun kuma fi ɗaukar ma'aikata. Sai dai a lura, waɗannan mutane ne da aka tace aka sake tacewa, masu tsari a hannu. Shi kuwa N-Power da ya zo a 2016 yana biyan naira 30,000 a wata, ya share wa mutane da yawa hawaye, amma alawus ne na wani lokaci, ranar da aka yaye mutum tambayar farko ta dawo masa.

Game da horo zalla, wani masanin Bankin Duniya, David McKenzie, ya tattara sakamakon gwaje-gwaje da dama a 2017. Abin da ya fito shi ne a cikin mutum 100 da aka horar, waɗanda suka sami aikin da ba don horon ba ba za su samu ba, ba su kai uku ba. A Kodebuwa kuwa an gwada wani salo: a bar yaro a hannun maigidan sana'a yana koyo, a riƙa ba shi ɗan alawus, a haɗa masa da darasi a cibiyar horo. Bayan 'yan shekaru aka ga samunsu ya ɗara na sa'o'insu.

In aka haɗa waɗannan wuri guda, abin da na fahimta shi ne takardar shaidar horo ita kaɗai ba ta cika sauya rayuwa ba. Abin da ya fi aiki shi ne jari ko kayan aiki su faɗa hannun wanda ya riga ya iya sana'a, ya san masu saye, kuma akwai babba a kansa mai sa ido. Duk wanda ya tashi a kasuwa zai ce ai wannan tun a gaban iyayenmu muka san shi.

Abin da idona ya gani a unguwa

Ni yadi nake sayarwa, don haka teloli su ne mutanena. Akwai ɗan ƙanwata da ya shekara bakwai a shagon wani tela, tun daga guga da sa maɓalli har ya iya yanka babbar riga. Abu ɗaya ya rage masa, keken surfani na kansa. Ya shiga wani shiri, bayan doguwar jira aka ba shi keken a matsayin bashi. Ranar da ya zo ya gaya mini, cewa na yi, "Ka san ba kyauta ba ce ko?" Ya ce, "Kawu, na sani. In Allah ya kai mu babbar sallah, rabin kuɗin ya fita." Bai fita a sallar nan ba, sai da aka kai ta gaba, amma ya biya, kuma yau yara biyu ne ke koyo a ƙarƙashinsa. Masu shirin suna da haƙƙin su lissafa shi cikin nasarorinsu. Amma shekara bakwai ɗin da suka sa keken ya yi amfani, maigidansa ne ya zuba su, kuma ba rahoton da zai ambace shi.

Akwai kuma ɗan maƙwabcinmu da ya ajiye babur ya tafi horon kiwon kaji na wata uku. Ya dawo da takarda mai hatimi da kyakkyawar niyya. To, a ina zai yi kiwon? Su tara ne a ɗaki biyu, tsakar gidan da damina ruwa ke kwanciya a ciki. Kuɗin da aka ce za su biyo baya suka yi ta jinkiri, mai babur kuma ya riga ya ba wani. Mu yi masa lissafi: a ce yana tashi da sefa 3,000 a rana bayan ya cire mai da kuɗin mai babur. Kwanakin aiki 78 a wata uku, sefa 234,000 ke nan suka wuce shi, ban da kuɗin zirga-zirga da na buga takardu. Horon an ce kyauta ne, amma gidansu ya biya shi da tsada. Ga shi litar mai da take 630 ta koma 730 a 2023, ta kai 840 a 2024, komawa kan babur ɗin ma ba kamar da ba.

Na kuma ga waɗanda aka ce su haɗu su kafa ƙungiya kafin a ba su bashi. Samari biyar da ba su taɓa sayar da ko allura tare ba suka haɗu don takarda kawai. Kuɗi na fitowa aka raba, wani ya sayi waya, wani ya kai kayan lefe, ɗaya ne kaɗai ya sa nasa a sana'a. Da yawa daga cikin yaranmu suna ɗaukar kuɗin gwamnati kamar rabon ganima, su manta cewa in ba a mayar ba, ƙannensu ne za a ce babu.

Waɗanda ba su ma kai bakin ƙofar ba sun fi duk waɗannan yawa. Ana neman katin ɗan ƙasa, shi kuma sai da takardar haihuwa. Doka ta ba da kwana 90 a kai rahoton haihuwa, in lokaci ya wuce da nisa sai an bi ta kotu. Gidaje nawa ne a cikinmu aka haifi yaro a gida aka yi suna aka ci tuwo, ba wanda ya leƙa ofishin magajin gari? Ana neman rubutaccen tsarin kasuwanci da Faransanci, alhali yaron allo ya yi, lissafin buhu dubu yana kansa amma ba zai iya cike shafi biyu ba. Akwai masu tsoron bashi mai ruwa saboda addini, kuma tsoronsu abin girmamawa ne, sai dai da yawa ba sa tambaya su ji ko tallafin kyauta ne, ko kayan aiki ne, ko bashi ne da wane sharaɗi. Ga kuma 'yan tsakiya masu cewa a kawo jaka ashirin su tura takarda gaba. Na san gidan da aka ci kuɗinsu haka har sau biyu.

'Ya'yanmu mata su ne suka fi nisa da waɗannan ƙofofi, alhali su ne suka fi kusa da irin sana'ar da ƙaramin jari ke ɗagawa. Mai yin turaren wuta da humra, mai lalle, mai ɗinkin mata, mai dambun nama da cincin da take tallatawa a WhatsApp tana karɓar kuɗi ta Orange Money ko MoMo, duk suna da masu saye a hannu. Injin niƙa ɗaya ko firji ɗaya kan iya ninka cinikinsu. Amma zaman bita a wata unguwa daga safe zuwa la'asar, da goyo a baya, ba kowane gida ne zai yarda ba, kuma ba kowane shiri ne ya yi tunanin haka ba.

Mu ma a ɗora mu a kan sikelin

Ba adalci ba ne mu auna na gwamnati mu bar namu. Shirin samar da aiki mafi tsufa a zango shi ne na ubangida da yaronsa. Ka ɗauko yaro daga Garwa ko Kano ko Maraɗi, ko ɗan maƙwabci, ya ci a gidanka, ya koyi kaya da farashi da halin mutane, in ya isa ka sallame shi da jari ko ka ba shi kaya bashi ya buɗe nasa. Duk wani babban alhaji a kasuwar Congo ta wannan hanya ya biyo. Tana da abin da gwaje-gwajen can suka nuna yana aiki: koyo a kan aiki, masu saye na gaske, da idon babba.

Amma mu tambayi kanmu irin tambayar da muke yi wa ofisoshi. A cikin yara goma da suka zauna a shagonka cikin shekara ashirin, nawa ne suke da nasu yau? Akwai iyayen gida da yaro zai shekara goma sha biyu a ƙarƙashinsu, in ya ta da maganar sallama a ce, "Ka yi haƙuri, kasuwa ba daɗi bana." Bana ta zama baɗi, baɗi ta zama baɗin baɗaɗa. Ba rubutu, ba shaidu, ba ranar da aka yanka. In maigida ya rasu, magada su ce ba su san da zancen ba. Yaron da ya ga an yi wa wansa haka, don me ba zai gwammace babur da kuɗin yau a hannu ba? Sannan jarinmu kansa a buɗe yake ga ƙaddara. Gobara ta ci kasuwar Congo fiye da sau ɗaya, har da ta 2019, kuma duk lokacin da shagon maigida ya ƙone, sallamar yaransa ta ƙone tare da shi.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. A zauna gaban iyayen yaro da shaidu biyu, a faɗi shekarun da zai yi da abin da za a sallame shi da shi, a rubuta. A riƙa ware masa wani abu duk wata a adashi ko a asusu da sunansa, don kada sallamar ta rataya a kan cinikin shekara guda. A bar shi ya je makarantar dare ya iya karatu da rubutun Faransanci, domin yaron da ya haɗa sanin kasuwa da iya cike takarda shi ne zai ci moriyar ɓangarorin biyu.

Kafin a saki yaro ya tafi

Ba ina cewa a guje wa shirye-shiryen gwamnati ba ne. Kuɗin ƙasa ne, da harajin da muke biya a kasuwa a ciki, kuma 'ya'yanmu suna da haƙƙi a kansu kamar na kowa. Abin da nake roƙo shi ne a shiga da ido buɗe, yadda muke shiga kowace harka.

Uba ko uwa su je da kansu cibiyar matasa ta gundumarsu ko ofishin FNE, zuwa da kai ya fi saƙo. A tambaya: abin da za a bayar horo ne kawai, ko da kayan aiki, ko da kuɗi? In bashi ne, nawa za a mayar, a cikin wata nawa, da ruwa ko babu? Daga miƙa takarda zuwa samun kuɗi wata nawa waɗanda suka gabata suka jira? A nemi a ga mutum biyu ko uku da suka fito daga shirin shekara biyu da suka wuce, a je wurin sana'arsu, gani ya kori ji. A lissafa abin da yaro zai rasa a kwanakin horo, a tabbata gurbinsa a shago ko a kan babur yana jiransa in abin bai yiwu ba. A fifita shirin da zai ƙara masa ƙarfi a sana'ar da ya riga ya iya a kan wanda zai ɗauke shi ya jefa shi cikin wadda bai taɓa gani ba. Duk kuɗin da za a biya kuma a karɓi rasit, wanda ya ce a ba shi a bayan ofis a bar masa abinsa.

Akwai aikin da ya rage wa ƙungiyoyinmu na kasuwa da kwamitocin masallatai. Littafi guda ya isa. A rubuta kowane yaro da yarinya na unguwa da suka shiga wani shiri, da shekarar, da abin da aka ba su, da kuma waɗanda suka nema ba su samu ba. Duk shekara bayan babbar sallah a sake dubawa a ga ina kowa ya kwana. Cikin shekara uku za mu san wane shiri ne ya cancanci mu tura masa 'ya'yanmu, kuma ranar da jami'ai suka zo unguwa taro, sarkin Hausawa da dattawa za su yi magana da sunaye da lambobi a hannu. A shafin farko na littafin nan kuma a fara da yaran da ba su da takardar haihuwa, a haɗa kuɗi a kai maganarsu kotu tun ba su kai shekarun neman katin ɗan ƙasa ba.

Allah ya sa wa nemanmu albarka, ya shirya mana zuriya, ya ba matasanmu abin yi na halal mai ɗorewa. Amin.